Lissafin Sallau a Bayan Kalanda

Na juya kalandar mai sayar da siminti,
bayanta fari tas,
na ɗau fensir na zauna bakin turke,
Sabon Zango bai gama farkawa ba.
Dawaki huɗu, wata goma sha biyu,
dusa ta hau, sidi ya sauka,
sauran lissafin na ƙafafu ne.

Kili, kai ne na farko.
Fabrairu da Maris babu kai babu shinge,
sai yashin Kole Gono da asuba,
in teku ya janye ya bar ƙasa kamar daɓe.
Ka yi ta sassarfa har gishiri ya bushe a ƙirjinka.
Zuciya kana da ita, numfashi ne ya gaza,
kuma shinge na tara numfashi yake tambaya.

Goɗiyar Anti Dedei,
mai zabura in leda ta gifta,
ke na ajiye wa Mayu.
Idan mutanen Ga suka hana kiɗa,
coci-coci suka sassauta, Ankara ta yi tsit,
zan jera miki ganyen kwakwa iya gwiwa,
ki tsallaka ba kya jin komai sai kofatonki.
Uwar ɗakinki na son kofi kafin kakar kifi.
Na ce, Anti, ke ma ba kya sauke banda ɗanye
don mai saye ya ƙosa.
Ta yi dariya, ta rage mini kuɗin harawa.

Yuni ruwa ne. Ba na rubuta komai a Yuni
sai kanwa, da man kaɗanya a kofato,
da toshe kwanon da ke yoyo a kan Bidi.
Bidi, ɗan shekara huɗu,
mai tashi tun shinge na nesa,
kamar yaron da ya hango tukunyar wake da shinkafa.
Sai Agusta, in iska ta yi sanyi,
zan koya masa ƙirga taku:
ɗaya, biyu, uku, sannan sama.
Ni a biyu na tashi, shekara ashirin da shida ke nan,
gwiwata ta hagu har yau
ita ke fara sanin hadari ya haɗu.

Munkaila na bayana yana leƙen takarda.
Bara da hannu ɗaya nake ɗora shi kan sirdi,
bana kafaɗa ta buɗe, murya ta fashe,
sikeli kuwa ba ya jin roƙo.
Ya ce wani a Nima zai ba shi babur ya yi haya.
Na sa sunansa a Oktoba, ban danna fensir ba.

Saura Akawal.
Shekara goma sha uku, agara ta kumbura sau biyu,
jiya da na shafa ta, ɗumi kamar gindin butar shayi.
Mai shi ya aiko, wai a kai shi Labadi
ya riƙa ɗaukar 'yan yawon Lahadi ana hoto,
sidi ashirin zuwa, ashirin dawowa.
Dokin da ya tsallake kwalekwalen Ataa Oko a kife,
har masunta suka saki igiyar koma suna ihu!
Na ce a ba ni zuwa Nuwamba.
Na san ba zai ci ba.
So nake Bidi ya bi bayansa sau bakwai ko takwas,
ya ga yadda tsoho ke auna shinge da ido
kafin ya ba shi ƙafa.
Wannan ba ya koyuwa a bakina.

Disamba na bari fari.
Munkaila ya ce, Baba Sallau, ka manta wata guda.
Na ce ban manta ba, je ka ɗebo ruwa,
famfo zai ɗauke ƙarfe bakwai.
Ya tafi da bokiti biyu yana fito.
Akawal ya miƙo wuya ta kan kafaɗata,
ya kama kusurwar takardar da leɓe,
ya cinye rabin Maris kafin in fizge.